Baturan Gidan Akawu

Da la'asar aka ɗauke wuta, injin numfashin Inna ya yi shiru.

Auta tana kicin tana ɗauraye kwanuka, ko kai ba ta ɗaga ba. A gidan nan ɗauke wuta ba labari ba ne, kafin fanka ta gama juyawa batura sun karɓa. Amma yau fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya cak. Sai ta jiyo mahaifiyarta daga ɗaki tana jan numfashi da ƙyar. Ta zari makulli daga ƙusar bayan ƙofa, ta ruga ɗan ɗakin ƙarƙashin bene, ta buɗe kwaɗo. Babu batura, babu inbata. Shacinsu kawai ya rage a kan siminti.

Kafin 'yan sanda su iso an wuce da Inna asibiti, Auta na riƙe da ita. Sufeto ce ta zo, mace mai ƙarancin magana wadda ta daɗe a sashen sata, tare da Saje, wanda shi kuma bakinsa ba ya hutawa. Maigidan suka tarar a tsakar gida. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, har yanzu kuma da Akawu ake kiransa. Tabarau a kan hanci, waya a hannu.

Sufeto ta durƙusa ta haska ɗan ɗakin. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a lanƙwasa sakata ba. Ba a yanke wayoyin ba, kwance su aka yi da sifana, aka naɗe bakin kowace da baƙin salatif, aka lanƙwasa su gefe don kada su haɗu. A bango akwai makunnin da ke sauya gidan daga batir zuwa wutar gari. An mayar da shi kan wutar gari.

"Wannan ɓarawo mai ladabi ne," in ji Saje. "Saura kaɗan ya share wurin ya bar mana gaisuwa."

Sufeto ta miƙe. "Baba, yaushe gidan ya zama babu kowa?"

"Da safe, ranki ya daɗe. Ranar ganin likitanta ce. Ni da Auta muka kai ta, muka dawo da rana. Akwai wuta, shi ya sa ba mu lura ba."

"Wa ya san ranar asibitinta?"

"Mu na gida. Sai ɗan hayan ƙasa, direba ne, shi ke kai mu a da. Ki fara da shi. Ko mai wutar da ya haɗa kayan."

"'Ya'yanka nawa?"

"Biyu. Auta da yayanta. Malamin makaranta ne, yana can da iyalinsa a wata unguwa. Ɗan albarka. Shi ya saya mata injin numfashin ma."

"Ba kai ba?"

Akawu ya gyara tabarau. "Lokacin kuɗina suna aiki."

"Wane aiki?"

Nan fuskarsa ta ɗan saki, duk da halin da ake ciki. Ya juyo mata da wayar. Wata manhaja ce, in ji shi, da ke haɗa mai kuɗi da mai neman rance. Ba banki a tsakani. Mai kuɗi ya zuba, ya zaɓi wanda zai ba, a ƙarshen wata ya karɓi kashi ashirin cikin ɗari. Ba a ganin sunan mai karɓa, lamba ce kawai da sana'arsa. Shi dai masu albashi yake zaɓa, don ba su da wajen gudu.

"Duk kuɗin sallamata na can," ya ce. "Banki ya riƙe maka kuɗi shekara ya ba ka abin sayen sabulu. Nan kuwa, kin ga ko ɗazu da rana wani taurin kai da ya daɗe yana ja min rai ya biya, har da tarar jinkiri. Sai da na danna a matsa masa sannan ya san da ni."

"A matsa masa?"

"Akwai wurin dannawa. Kamfani ke tura mutanensa. Ni ban san yadda suke yi ba, ba ruwana."

Sufeto ta dube shi, sannan ta yafito Saje suka fita.

Mai Wuta suka fara nema. A saman wani gini suka same shi yana jera allunan sola. Ya sauko yana goge hannu a wando. Sufeto ta nuna masa hoton wayoyin.

"Aikinka ne?"

Ya matso da fuska. "Haɗawar tawa ce. Kwancewar ba tawa ba ce."

"Ina kake da safe?"

"Nan. Tambayi mai ginin, tun fitowar rana yake tsaye a kaina kamar zan gudu da rufin."

Mai ginin ya tabbatar, magina ma haka.

"Me ka gani a hoton?"

"Ranki ya daɗe, ɓarawon batir ba ya barin waɗannan wayoyin. Jan ƙarfe ne mai kauri, kuɗi ne. Kuma yankewa yake yi ya wuce, wa ke da lokacin naɗa salatif?"

"Makunnin bango fa? Wa ka koya wa?"

"Na gwada koya wa tsohon, ya ce kada in cika shi da surutu tun da ya biya. Sai na nuna wa ɗansa. Shi ya tsaya ya saurara, har ya tambaye ni yadda ake kwancewa in za a ƙara wa batir ruwa."

Direba yana zaune a bakin garejin kanikawa, motarsa na kan duwatsu, an fidda injinta an baje a kan buhu. Da ya ga kaki sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Na san tsohon zai ce ni ne. Ga motar nan, ku ɗauki baturan a ciki."

Bakanike ya ce motar ta kwana biyu a haka, kuma Direba tun safe yana nan yana masa naci.

"Me ya haɗa ka da maigidanka?" in ji Sufeto.

"Shi ya koya min manhajar nan, da na nemi ya ɗaga min ƙafa kan kuɗin haya. Ya ce in ci rance a can in biya shi. Na ci. Ranki ya daɗe, kin san abin da suke yi in ka makara? Ranar da ka shiga suke kwashe duk lambobin wayarka. Su fara da kai, safe da rana. Sannan su kira matarka. Sannan surukarka. Ni har hotona suka tura wa mutane, wai ga ɓarawo. Ka biya ruwa, ka biya tara, uwar kuɗin na nan ko gezau. Sai da na sayar da filina na fita."

"Surukar taka me ta ce?" in ji Saje.

"Ta ce dama ta sani."

"Ka bar ƙofar waje a buɗe da ka fito?" in ji Sufeto.

"Na kulle. Makullai uku ne. Nawa, na tsohon, da na ɗansa Malam."

Washegari da safe Saje ya shigo ofis ba tare da raha ba. Inna ta rasu. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaza, tsayawar injin ta yi mata nauyi. Sufeto ta ajiye kofin shayinta.

"Yanzu ba maganar batura ba ce kawai," ta ce. "Tashi mu je layin 'yan gwangwan."

Layin masu sayen tsofaffin kaya ne, rumfa bayan rumfa, warin ruwan batir da ƙonannen roba. Sun sha musu da rantsuwa kafin su kai ga wani mai ƙiba da ya ga hoton inbatar ya haɗiye yawu. Ya ɗaga wani tamfol a bayan rumfa. Ga su nan a jere.

"Wallahi ban san na sata ba ne. Mutum ne kamili, da riga mai guga, da biro a aljihu. A tasi ya kawo su."

"Me ya sa ka ɓoye su?"

"Ba ɓoyewa ba ce, ajiya ce. Shi ya roƙe ni kada in sayar, wai in an yi albashi zai dawo ya fanshe su, ya ƙara min wani abu. Har ya ce kada in ajiye su a rana."

"Kuɗi ka ba shi a hannu?"

"Ya ƙi. Ya ba ni wata lamba ya ce in tura can kai tsaye. Ta masu ba da rancen nan ce. Yana tsaye har saƙo ya shigo masa. Sai ya zauna a kan wancan benci kamar wanda aka sauke wa buhu."

"Da wane lokaci?"

"Rana ta take."

Sufeto da Saje suka dubi juna.

Ofishin kamfanin rancen yana hawa na biyu a saman wani shagon taya. Ɗaki ɗaya ne mai sanyi, da kujeru masu juyawa, da 'yan mata biyu sanye da abin magana a kunne suna kiran mutane da murya mai daɗi. Wakilin kamfanin ya karanta takardar kotun da Sufeto ta miƙa masa, ya yi murmushi.

"Mu dillalai ne kawai, hajiya. Muna da rajista. Mai kuɗi ya yarda, mai karɓa ya yarda, kowa ya danna da yatsansa."

"Kuɗin da mai batura ya turo jiya, bashin wa aka biya?"

Ya daddanna kwamfuta, ya faɗi. Malamin makaranta ne.

"Kuɗin wa ya ci?"

Ya sake dannawa. Murmushin ya ɗan ja baya. Ya kalli sunan farko, ya kalli na biyu.

"Kai," ya ce. "Sunan gidansu ɗaya."

"Ba ku lura ba?"

"Na'ura ke haɗawa, hajiya. Ba ta san dangi ba."

"Da aka ce a matsa masa, me kuka yi?"

"Abin da aka saba. Kira, saƙo. Sai yaranmu suka leƙa makarantarsu, suka gaisa da shi a gaban ɗalibai. Muka ba shi wa'adin jiya da rana, in ya wuce mu tura wa shugaban makaranta da iyayen yara. Ba mu taɓa lafiyar kowa ba."

"Mahaifinsa na cikin lambobin wayarsa. Kun kira shi?"

"Masu zuba mana kuɗi ba ma damunsu da kira."

Saje ya buɗe baki, Sufeto ta ɗaga masa hannu. A kan matattakala ya kasa haƙuri.

"Ranki ya daɗe, wannan ba za mu tafi da shi ba?"

"Da wane laifi? Takardunsa sun fi namu tsabta."

Ba ta je gidan ba sai da aka dawo daga binne Inna, masu ta'aziyya suka ragu. Malam yana tsaye a bakin ƙofa yana sallamar mutane, dogo, siriri, idanunsa sun yi ja. Ta yi masa gaisuwa, sannan ta ce tana son ganinsa a ofis, shi da mahaifinsa. Bai tambayi dalili ba.

A ofis ta zaunar da su a benci ɗaya. Akawu ya riga ta magana.

"Kin kama direban?"

"Motarsa ba ta da inji, Baba, kuma yana gareji tun safe. Mai wuta yana kan rufin mutane. Ka saurare ni har in gama." Ta juya ga Malam. "Wanda ya shiga gidan da makulli ya shiga. Ya san inda na ɗan ɗakin yake rataye, ya kuma mayar da shi. Ya san ranar asibiti. Bai yanke waya ba, ya naɗe bakinsu don kada wani ya taɓa, ko gida ya kama. Ya mayar da makunni kan wutar gari don in an dawo da marar lafiya injinta ya tashi. Baƙo ba ya damuwa da wannan. Wanda ya yi haka yana son mutanen gidan. Mai wuta kuma mutum ɗaya ya koya wa makunnin. Na sami baturan, Malam. Mai rumfar bai ajiye su a rana ba."

Akawu ya miƙe zumbur. "Wace irin magana ce wannan? Ɗana? Yau aka binne uwarsa!"

"Zauna, Baba," in ji Malam. Muryarsa ba ta rawa. "Ni ne."

Tsohon ya koma ya zauna a hankali.

"Wutar layinmu ba ta cika tafiya da rana ba," in ji Malam, yana kallon teburin. "Na ce kafin yamma za a lura, Baba ya fidda kuɗi ya sayo ko da batir ɗaya ne. In ya ƙi, in an yi albashi in fanso su. Na tashi yara daga aji ina duba waya ko Auta za ta kira ta ce an yi sata. Ta kira. Ba abin da ta ce ke nan ba."

"Me ya kai ka?" Akawu ya faɗa da ƙarfi. "Caca kake yi? Mata?"

"Injin Inna. Da me kake tsammani na saye shi? Da albashin alli? Likita ya ce in ba inji ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Na zo na durƙusa a gabanka, ka ce kuɗinka suna aiki. Sai na ci rance. Na biya kuɗin injin nan ya fi sau biyu, Baba, bashin bai ragu ba. Matata ta sayar da kekenta na ɗinki. Na cire yarana daga makarantar kuɗi."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na zo makon jiya. Na ce ina cikin matsi. Ka tuna amsar da ka ba ni?"

Akawu ya sunkuyar da kai.

"Ka ce akwai wani ɗan iska da ya riƙe maka kuɗi, in ya biya za ka duba."

Sufeto ta so a ce wani ne zai faɗi sauran. Babu wani.

"Baba, jiya ka ce min wani mai taurin kai ya biya ka da rana, bayan ka danna a matsa masa. Da rana mai batura ya tura kuɗi. Shi ya sa na je kamfanin. Mai albashin da ka zaɓa, ga shi nan kusa da kai."

Malam ya ɗago kai. Wannan bai sani ba. Ya dubi Sufeto, ya dubi mahaifinsa, ya yi wani sauti mai kama da dariya.

"Kai ne?"

"Lamba ce kawai," in ji Akawu. "Lamba suke nuna min. Wallahi da na san..."

"Da ka san ni ne da ba ka danna ba. Da ɗan wani ne fa?"

Tsohon ya cire tabarau ya riƙe a cinya.

"Mutanen da suka zo makaranta suka kira ni ɓarawo a gaban yaran da nake koya wa lissafi, kai ka aiko su. Duk wata kana nuna min waya kana cewa in koyi juya kuɗi. Ashe ni ake juyawa." Malam ya miƙa wa Saje hannuwansa biyu. "Mu je."

Saje bai ɗauko ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofa kawai.

Da safe Akawu ya dawo, sanye da rigar jiya. Ya tsaya a gaban teburin Sufeto ya ce ya janye ƙara, baturansa ne, ɗansa ne.

"Ta satar za ka iya janyewa," in ji ta. "Ta rasuwar ba a hannunka take ba, ba kuma a hannuna ba. Zan rubuta abin da na gani, har da salatif ɗin. Lauyoyin gwamnati za su duba."

"To ki gaya masa na yafe sauran bashin. Na je kamfanin, sun ce nawa kason zan iya yafewa, nasu kuwa sai an biya. Zan biya nasu. Ki gaya masa."

Sufeto ta shiga ciki. Malam yana zaune a ƙasa ya jingina da bango. Abincin da Auta ta kawo yana gefe, ba a buɗe ba. Ta isar da saƙon yadda aka ba ta.

"Ki ce masa na gode," in ji Malam. "Amma zan biya. Uwar kuɗin, da ruwan, da tarar. Ko daga kurkuku ne zan turo. Kada ya rage ko kaɗan."

"Yana waje. Yana son ganinka."

"Ya san lambata."

Ta fito ta faɗa wa tsohon, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashi. Ya nemi bencin baranda ya zauna, tsakanin wata mata da ta kawo ƙarar maƙwabci da wani da aka sace wa babur. Mutane suka yi ta shiga suna fita. Da rana Saje ya kai masa ruwa, bai sha ba. Da aka tashi aiki Sufeto ta fito da jakarta, ta same shi a inda ta bar shi.

"Baba, ka tafi gida. Auta ita kaɗai ce."

"Ita ma ta ce kada in yi mata magana," in ji shi. "Bari in ɗan ƙara zama."